Sa Hannun Maama Nabbosa

Shafi na 17

Masu cika mini waya da "Kasoma ya farfaɗo ko bai farfaɗo ba?", na ji ku, ga shi nan. Amma ni ma ina da tambaya. Tun da na fara labarin nan, mutum nawa ne cikinku ya tashi ya duba sunan da ke kan takardar gidan da uwarsa take kwana? Neman ci gaba kuka iya. To, ku karanta.

Ranar Asabar da hantsi ina tsakar gida ina fere matooke, ayabarmu ta dafawa, na ji tsayuwar mota a bakin gonar ayabarmu. Motar ƙarshe da ta tsaya a wurin, surukan Kasoma ta sauke, su da wani dillali mai takalmi mai tsini. Suka yi ta auna gonar uwata da taku, alhali mai sunan da ke kan takarda yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba, tun ranar da tirela ta ture shi da babur ɗinsa.

Wannan karon ba su ba ne.

Sanda ce ta fara fitowa. Sai ƙafa naɗe da bandeji. Sai hannun dama cikin filasta. Sai kan Kasoma, an aske rabi an bar rabi.

Wuƙar ta suɓuce daga hannuna.

"Namigadde," ya ce, "tsayawa za ki yi kina kallona, ko za ki zo ki gaida ubanki?"

Shekara biyu na ba shi a duniya. Ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi. Amma Taata, mahaifina, ya rasu bai bar ɗa namiji ba, sai ni. Ranar da aka tashi makoki dangi suka yafa wa Kasoma, ɗan ƙaninsa, mayafin ɓawon itace, suka miƙa masa mashi, suka ce ga magaji. Daga ranar ya zama ubana. Daga mashi kuma aka wuce zuwa takarda: dattawa suka kai shi ofishin filaye, sunansa ya hau kan gidanmu, da gonarmu, da kaburburan da ke bayan gida.

Shekara shida ina durƙusa masa ina cizon haƙora. Ran nan na zube gwiwa biyu a kan jar ƙasa da zuciya ɗaya.

"Sannu da zuwa, Taata."

"Af! Yau babu harara? Ashe sai tirela ta bi ta kan mutum yake samun ladabi a gidan nan."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ban goge ba.

Maama ta fito daga madafa da gudu, hannunta duk toka.

"Yesu, Maryamu! Ssebo, kai ne? Da ƙafarka?"

"Da ɗaya da rabi, Maama."

Ssebo, wato ranka ya daɗe, haka take kiransa tun da ya zama magaji. Ta riƙe fuskarsa tana juyawa kamar mai duba kabewa a kasuwa.

Sai ga wata ta fito daga ɗaya ƙofar motar, da baƙar jaka da gilashi. Akello ce, ƙawata tun jami'a, 'yar arewacin ƙasarmu, lauya a garin Masaka. Shekara biyu ina roƙon gidan nan su bari ta shigo, ana ce mini lauya sai gidan da ake rigima.

"Ke kuma wa ya kira ki?" na ce.

Ta nuna Kasoma da haɓa. "Ubanki."

"Ni na kira ta," in ji shi. Muryarsa ta sauka. "Ranar Talata za su buɗe mini kai, akwai jinin da ya taru. Likita ya ce yawanci ana tashi. Ban ji daɗin 'yawancin' nan ba."

"Kada ka ƙara faɗin haka!" in ji Maama. "Allah zai tashe ka."

"Amin. Amma bari ki ji. Lokacin da nake kwance, jikina ne ya suma, kunnena bai suma ba. 'Yan'uwan matata suna tsaye a kaina suna rabon gonar nan. Bakin titi gidan mai. Nan inda madafarki take, shaguna. Ɗaya ya ce tsohuwar fa? Ɗaya ya ce ai tana da danginta. Ina ji, na kasa ɗaga ko yatsa."

Maama ta juya ta kalli madafarta.

Abin da nake faɗa ke nan tun ina aji uku a jami'a. Ban taɓa cewa Kasoma mugu ne ba. Cewa nake yi ɗan boda ne, wato ɗan acaba, kullum yana tsakanin manyan motoci, kuma in ya faɗi takarda ba ta san kirkinsa ba, magadansa ta sani. Aka ce karatu ya lalata ni. Aka ce ina yi wa ubana fatan mutuwa.

Muka fito da tebur ƙarƙashin mangwaro. Ina goge shi na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda daga ɗakin baya.

Ssenga Nakiwala. Yayar mahaifina, wadda bakinta ne bakin dangi a gidan nan. Ita ta ɗaura wa Kasoma mayafin gado da hannunta. Ita ta laƙaba mini "lauyar da ba a aika ba". Ta ja tabarma ta zauna nesa kaɗan, ta gyara gomesinta, doguwar rigarta ta gargajiya, ta jefa busasshen ƙwayar kofi a baki.

"Ku ci gaba," ta ce. "Ni inuwa na zo sha."

Na kalli Akello. Ta ɗaga gira, ta buɗe jaka, ta shimfiɗa fom ɗin, ta danne gefensa da kofin shayi saboda iska.

"Matarsa ta riga ta sa hannu a takardar amincewa tun da safe," ta ce. "Tana ta kukan kunyar abin da yayyenta suka yi. Saura mu. Lambar fuloti. Maama, a kawo takardar mallakar in kwafa."

"Tana wuri mai kyau," in ji Maama.

"Na sani, dubawa kawai zan yi."

"Na ce tana wuri mai kyau, 'yata."

Ban so a tsaya a nan ba. Na zaro waya na nuna mata hoton da na ɗauka tun ranar da takardar ta fito. Akello ta kwafi lambobin tana maimaita su a fili.

"To. A ƙarshe dai za mu neme ta. Sunan mai bayarwa, kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa."

"Kasoma Deogratias. Ki rubuta da kyau, an sha lalata mini shi."

"A kan nawa ka sayar?"

"Sayarwa? Ni? Ki rubuta kaza guda dafaffiya a ganyen ayaba, da gyaɗa a miyar."

"Gwamnati ba ta karɓar kaza. Idan kyauta ce, abin da ake rubutawa a layin shi ne: don ƙauna da zumuncin jini."

Kasoma ya daina dariya. Ya kalli layin.

"Haka doka ta ce? Da bakinta?"

"Haka ta ce."

"Rubuta wannan."

Na ce a raina yau dai an gama.

"Sunan mai karɓa," in ji Akello.

"Nabbosa Teopista," na ce.

"A'a."

Duk muka juya. Maama ce. Ta naɗe hannuwanta a cikin zaninta, kamar wani zai fizge su.

"Maama, me kika ce?"

"Na ce a'a. Kada ki rubuta sunana."

"Ba ki ji abin da ya faɗa ba ne? Shaguna a kan murhunki!"

"Na ji. Amma juya ki kalli bayan gida."

Ba sai na juya ba. Na san su duka. Kakan Taata, da kakana, da matansu, da yaran da ba su yi rai ba. Da na Taata a bakin layi, wanda aka zuba wa siminti shekara uku da suka wuce.

"Waɗancan ƙasusuwan dangin Lugave ne," ta ce. "Ni 'yar Ndiga ce. Aure ya kawo ni. A ce yau ƙasar da surukaina suke kwance ta zama ta 'yar wani dangi? Da wane ido zan kalli ubanki in na same shi?"

"To a sa Namigadde," in ji Kasoma. "Ita ai Lugave ce, ko da bakinta ya fi na dangin duka."

"Ita ma mai tafiya ce. Gobe ta yi aure, 'ya'yanta na wasu ne. A bar abu yadda dattawa suka ajiye shi. Kai ne magaji, Ssebo. Za ka tashi ranar Talata."

"In ban tashi ba fa?"

"Za ka tashi."

A nan na fashe. Ba zan ɓoye muku ba.

"Za ka tashi! Allah zai kiyaye! Mutumin kirki ne! Maama, da waɗannan kalmomin guda uku ake korar mata daga gidajensu a ƙasar nan kowace rana! Shekara talatin da huɗu kina noman gonar nan. Wace ayaba ce a nan ba hannunki ya dasa ba? Dattawan da kike jin kunya, sau ɗaya suke zuwa a shekara, su ci kaza, su yi gyatsa, su tafi. Ran da dillali ya zo, wanne cikinsu ya leƙo?"

"Ki rage murya, ubanki na zaune."

"Ubana yana kwance can! Wannan Kasoma ne, kuma shi ma ya fi ki tausayin kanki!"

Maama ta sunkuyar da kai. Na san na wuce iyaka, amma bakina ya riga ya tafi.

Akello ta rufe alƙalaminta a hankali. "Ba zan iya rubuta sunan wanda bai yarda ba," ta ce. "Sai mai karɓa ya sa hannu shi ma."

Iska ta ɗaga gefen fom ɗin.

Sai Ssenga ta tofar da ƙwayar kofin.

"Ke, 'yar tunkiya."

Haka take kiran Maama tun ranar da aka kawo ta amarya, don tunkiya ce alamar dangin Ndiga.

"Na'am, Ssenga."

"Me ya dawo da ni gidan nan?"

Maama ta ɗago da mamaki. "Gwiwoyinki. Sanyin bakin tafki ne bai karɓe ki ba bayan rasuwar mijinki."

"Haka na ce muku."

"Haka kika ce."

"Gwiwoyina lafiyarsu ƙalau a lokacin. Da su na tako daga can har titi, da ƙullin kaya a ka."

Kasoma ya gyara zama. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

"Magajin mijina yaron kirki ne," ta ci gaba. "Kamar wannan. Sukari yake kawo mini duk wata. Maama kaza, Maama kaza. Ya ce in zauna har ƙarshen raina, wa zai taɓa ni? Na ce to. Damina biyu, zazzaɓi ya ɗauke shi."

"Ssenga..."

"Ki bari in gama, ban taɓa faɗa ba, in na tsaya ba zan ci gaba ba. Wata Lahadi na tafi coci. Na dawo na tarar da ɗakina yana kallon sama. 'Ya'yansa sun kwance kwanon rufin, sun jera shi a tsakar gida da kyau, har da ƙusoshin a gwangwani. Suka durƙusa suka gaishe ni. Suka ce Jjajja, kakarmu, an sayar. Da ladabinsu."

Maama ta dafe baki.

"Na je wajen dattawa. Suka ce kash. Suka ce abin bai yi kyau ba. Suka ba ni shayi."

Ta juyo da sandarta ta nuna bayan gida.

"Kin ce ƙasusuwa kike karewa. Ina da ɗa a can, Nabbosa. Kizito. Kin san shi, kin goye shi ranar da kuka zo suna. Watansa tara ya rasu. A ƙarƙashin wata bishiya muka sa shi, bayan ɗakin. Na koma bayan shekara in cire masa ciyawa. Wanda ya saya mai kiwon aladu ne."

Ba ta ƙarasa ba. Ba sai ta ƙarasa ba.

Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Ssenga ba, ko ranar da aka binne ƙaninta. Ran nan ma ba su zubo ba.

"Ssenga," na ce, "to me ya sa duk shekarun nan kike zagina? Kin fi kowa sanin gaskiya nake faɗa."

"Saboda kin fiye surutu," ta ce. "Kuma da na ce kin yi daidai, sai a tambaye ni ta ina na sani. Ni da nake zaunar da amare ina koya musu zaman gida, in ce an kwance mini rufi ina coci? Na gwammace gwiwa."

"Yau fa?"

"Ina bakin taga ranar da mai takalmin nan ya zo. Yana ƙirga taku, ya iso kan kabarin ubana. Bai kauce ba. Ya ɗora ƙafa ya ce arba'in da wani abu, ya wuce. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Ta dogara sanda ta miƙe. Ta tako har gaban Maama.

"Wa ke cire ciyawar kaburburan nan?"

"Ni ce."

"Wa ya sayar da akuyarsa aka zuba wa na mijinki siminti?"

"Ni ce."

"Wa ke share ganye a kan uwata, wadda ba ta taɓa yaba miyarki ba ko sau ɗaya?"

Maama ta yi wata 'yar dariya cikin kuka. "Ni ce, Ssenga."

"To ni Nakiwala, 'yar Lugave ta uwa ɗaya uba ɗaya da mai gidan nan, na ce matattunmu sun fi aminci a hannun tunkiya. Duk dattijon da bai ji daɗi ba, ya zo ɗakina, ina da shayi ni ma." Ta juya ga Akello. "Ke 'yar arewa, layin nan yana ɗaukar suna biyu?"

"Yana ɗauka, Jjajja. A haɗa su, in ɗaya ta rasu ya zama na ɗayar kai tsaye, ba sai an je gaban kowa ba."

"Rubuta biyu. Uwar da 'yar. Tunkiya ta riƙe, Lugave ta tsare. In wannan mai bakin ta yi aure, mijin ya san ba gona ya aura ba."

"Wa zai aure ta ma?" in ji Kasoma.

"Ka yi shiru da rabin kanka," na ce.

"Kin ji ko, Ssenga? Ladabin ya ƙare. Ko awa ɗaya bai yi ba."

Akello ta buɗe alƙalami. Ta kalli Maama, ba ni ba.

"Maama, in rubuta?"

Maama ta kalli bayan gida, ta daɗe. Sannan ta zaro hannuwanta daga cikin zani, ta goge tokar a cinyarta.

"Rubuta."

Na ga harufan suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Nabbosa Teopista. Namigadde Immaculate. Ban taɓa sanin sunan uwata yana da kyau haka a rubuce ba.

"Hotuna," in ji Akello.

Na buɗe jakata na zaro su. Maama ta karɓi nata tana juyawa.

"Wannan ai hoton da kika ce na katin asibiti ne."

"Shekara biyu yana jira a jakata."

"Maƙaryaciya. Halin ubanki sak."

Aka zo sa hannu. Kasoma ya gwada da hagu a bayan ambulan, abin ya fito kamar sawun kaza a laka.

"Ba zai yiwu ba," in ji Akello. "Za su ce jabu ne. Dangwale za ka yi, ni in shaida."

Babban yatsansa ne kaɗai ya leƙo daga cikin filastar. Na riƙe masa gwiwar hannu, Akello ta kawo tawada, muka karkata hannun gaba ɗaya kamar masu juya gungume.

"A hankali! Wayyo! Namigadde, ramuwa kike yi!"

"Ka daure, Taata."

"Da na san haka ubanci yake, da na gudu ranar da suka fito da mashin."

Yatsan ya sauka. Shuɗin tambari, zagaye, babu gogewa.

Ya sauke numfashi mai tsawo, ya jingina da mangwaro ya rufe ido. "Shekara shida," ya ce, "duk ramin da na faɗa da babur, gonar nan nake tunawa. Yanzu su buɗe kan, su ga babu komai a ciki."

Maama ta karɓi alƙalami. Ta riƙe shi kamar allura. Rabonta da sa hannu a takarda tun ranar aurenta a coci. Ta yi N ɗin a hankali, harshenta a tsakanin haƙora.

Ni na sa nawa cikin ƙiftawar ido. Akello ta sa nata, ta buga hatimi. Ƙarar hatimin nan, wallahi, ta fi mini duk wani kiɗa da na taɓa ji.

Ssenga ta rangaɗa guɗa. Ssenga! Har kajin gidan suka watse.

Na durƙusa gaban Maama na ɗora kaina a cinyarta.

"Ki yafe mini abin da na faɗa ɗazu."

"Wanne ciki? Tun kina shekara uku kike faɗa." Ta shafa kaina. "Tashi ki kama zakaran nan ja. An rubuta ƙauna a takarda, amma shi kaza ya ce."

Muka ci abinci a nan ƙarƙashin bishiyar. Matooke ya nuna lugub, miyar gyaɗa ta yi kauri. Maama tana ba Kasoma a baki saboda hannun, yana cewa a ƙara nama, mara lafiya ne. Ssenga ta tura wa Akello cinya guda, ta ce lauyoyi ashe suna cin abinci kamar mutane. Na zauna ina kallon ganyen ayaba suna kaɗawa, a karo na farko ban ji kamar aro muka yi su ba.

Ku da kuke karantawa, abin nan bai ɗauki rabin yini ba. Takarda ɗaya, alƙalami, tawada. Abin da aka shekara shida ana ce mini "a bari tukuna" ke nan.

Akello ta wanke hannu, ta jera takardun a cikin jaka, ta duba agogo.

"Litinin da sassafe ina bakin ofishin filaye, kafin surukansa su ji labari. Saura abu ɗaya. Maama, yanzu kam a kawo takardar mallakar, ta asali. Da ita ake haɗawa, su soke sunansa su hau da naku."

Maama ta ci gaba da tattara kwanuka.

"Hoton da ke wayar Namigadde bai isa ba?"

"Bai isa ba. Sai ita kanta."

"In babu ita fa?"

Akello ta tsaya da zuge jakar. "Sai a yi rantsuwa cewa ta ɓata, a buga sanarwa a jarida, a jira wata da watanni ko akwai mai ƙorafi. Surukansa kuwa suna karanta jarida. In suka shigar da ƙorafi, komai ya tsaya. In kuma Talata ta zo da..." Ta kalli Kasoma, ta haɗiye sauran.

"Ai ba ta ɓata ba," na ce da sauri. "Kasoma ya ba Maama ajiya tun ranar da ta fito. Tana cikin akwatin ƙarfe. Maama, kawo makullin in ɗauko."

"Ba ta cikin akwati."

"Tana ina?"

"Na gaya muku tana wuri mai kyau."

"Maama. Wane wuri?"

Ta ajiye kwanukan. Ta gyara ɗaurin zaninta.

"Shekarar nan da aka yi ta fasa gidaje ana sace takardun filaye, kin tuna? Aka shiga gidan malamin coci aka ɗauke tasa a ƙarƙashin katifa. Na kasa barci. Na ce ina zan sa ta inda ba mai taɓawa, ko ɓarawo, ko dillali, ko ke da rawar kanki ki kai ta banki."

"Sai kika sa ta ina?"

"Na naɗe ta a leda uku. Na sa a gwangwanin madara, na liƙe bakin da kyandir. Ba ruwan da zai shiga, kada ki damu."

"Maama!"

"Ranar da magina suka zo zuba wa ubanki siminti, sun tafi cin abinci, na tona gefen kansa na ajiye. Suka dawo suka zuba." Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ita a dole ta yi dabara. "Ai filinsa ne. Na ce ya riƙe abinsa."

Akello ta cire gilashinta.



Duk muka juya muka kalli bayan gida. Farin siminti, kauri kamar bangon banki, da gicciye a kai, da sunan Taata da aka rubuta da ƙusa tun yana ɗanye. A ƙauyen nan ba a taɓa jin wanda ya ɗaga ƙarfe a kan kabarin ubansa ba. Wanda ya yi, har jikokinsa za a riƙa nunawa da baki.

"Ba za a taɓa shi ba," in ji Maama. Yanzu ta gane. "Ssenga, gaya musu. Ba a taɓa kabari."

Ssenga Nakiwala ta miƙe. Ta dogara sandarta, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har bakin kabarin ƙaninta. Ta tsaya a kansa. Ta ƙwanƙwasa simintin da kan sanda, gefen kai, tana saurare.

Sannan ta juyo.

"Namigadde."

"Na'am, Ssenga."

"Akwai diga a gidan nan?"